Birnin da Ba a Rufe Ƙofofinsa: Sabuwar Urushalima da Ƙasar Gishiri ta Foga

Gabatarwa

Littafi Mai Tsarki na Kirista ya fara da gona, ya ƙare da birni. A surorin farko na Farawa akwai gonar Aidan da koginta da itatuwanta. A surori biyu na ƙarshe na Wahayin Yahaya kuwa, wato sura ta 21 da ta 22, akwai wani birni mai suna Sabuwar Urushalima, wanda ke saukowa daga sama zuwa sabuwar duniya. Wannan maƙala ta bi sawun siffar birnin nan tun daga asalinta har shigarta cikin harshen Hausa, ta kuma auna ta da tarihin wani yanki na kudu maso yammacin Nijar, wato Yelu da ke cikin gundumar Gaya a jihar Doso, kusa da iyakokin Benin da Nijeriya. Mutanen yankin Musulmi ne kusan dukansu, kamar sauran jama'ar Nijar, inda ƙidayar 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Duk da haka akwai zaren tarihi da ya ɗaure kwarin Foga da Hausar da aka fara rubuta wannan siffa da ita. Abubuwa uku da siffar ta ginu a kansu kuma, wato ganuwa da gishiri da itace, su ne mutanen wannan kwari suka daɗe suna rayuwa da su.

Kwarin Foga a 1853

Yelu tsohon gari ne na Kyangawa, waɗanda ke cikin mazauna ƙasar Dendi na farko, kuma yawancinsu sun koma magana da Hausa. Arzikin yankin a ƙarni na 19 gishiri ne. Dallol Foga, kwarin wani tsohon kogi da ya ƙafe, yana haɗuwa da Dallol Mawri kafin su gangara kogin Kwara, kuma ƙasar da ke gindinsa tana ɗauke da gishiri. Da rani ake kankaro ƙasar, a zuba ta cikin mazurarai na ciyawa da kara, a kwarara mata ruwa, a dafa abin da ya tsiyayo har ya daskare, sannan a cura shi. Ƙasar da aka tace aka zubar ta yi ta taruwa shekara da shekaru har ta zama tuddai, masu aikin suka gina bukkokinsu a kai. Fatake kuwa suna ɗaukar gishirin Foga zuwa Kabi da Borgu da Nufe.

A watan Yuni na 1853 Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa kwarin a kan hanyarsa daga Gwandu zuwa Sayi da Tambutu. Ya tarar da ƙasa cikin yaƙi. Tun 1849 Kabawa, a ƙarƙashin Yakubu Nabame, suka yi wa Gwandu tawaye, mutanen Dendi da Arewa da Zabarma suka mara musu baya. Hanyoyi sun lalace, ciniki ya ja baya, kowane gari ya dogara da shingensa da ganuwarsa. A cikin ayarin Barth akwai yara biyu 'yantattun bayi: Abbega, Bamarge, da Dorugu, Bahaushe daga ƙasar Damagaram, wanda aka kama yana ƙarami aka sayar. Wannan yaro na biyu shi ne zaren da aka ambata a sama, kuma za a komo kansa bayan an dubi inda siffar birnin ta samo asali.

Asalin siffar

Mutanen da suka rasa birninsu ne suka fara zana wannan birni. A shekara ta 586 kafin Miladiyya rundunar Babila ta rushe Urushalima, wato birnin Ƙudus, ta ƙone Haikali, ta kwashi manyan gari zuwa bauta. Annabi Ezekiyel yana cikin waɗanda aka kwashe tun 597. A surorin ƙarshe na littafinsa ya bayyana wahayin sabon Haikali, aka auna kowane bango da kowace ƙofa da sanda. A sura ta 47 ruwa ya ɓulɓulo daga ƙarƙashin dokin ƙofar Haikalin ya nufi gabas. Bayan kamu dubu ya kai idon sawu, bayan wani dubun ya kai gwiwa, sannan ƙugu, har ya zama kogin da sai an yi iyo. Kogin ya faɗa Tekun Gishiri, inda ko kifi ba ya rayuwa, ya mai da ruwansa mai daɗi, masunta suka baza tarunansu a gaɓa. Itatuwan bakin kogin suna 'ya'ya kowane wata, ganyensu kuma magani ne.

Akwai aya guda a wannan sura da masu karatu kan wuce ba su lura ba, wato ta 11. A cikinta an ware fadamu da tafkunan gefen tekun, aka ce su ba za a sake ruwansu ba, za a bar su domin gishiri. Ma'ana, ko a duniyar da aka sabunta, an tuna cewa miya tana bukatar gishiri, hadayar Haikali ma haka, kuma akwai masu cin abinci da wannan sana'a. Duk wanda ya san Foga ba ya bukatar dogon sharhi a kan wannan aya.

Littafin Ishaya, a sura ta 65, shi ya kawo batun sabuwar sama da sabuwar ƙasa. Abin lura shi ne irin alkawuran da ya jera: jarirai ba za su riƙa mutuwa cikin 'yan kwanaki ba, tsofaffi za su cika shekarunsu, wanda ya gina gida shi zai zauna a ciki, wanda ya dasa itace shi zai ci 'ya'yansa. Waɗannan buƙatun talaka ne wanda ya saba ganin mahara sun kwashe abin da ya noma.

A shekara ta 70 Miladiyya Rumawa suka sake rushe birnin. Wajen shekara ta 95, bisa ra'ayin yawancin masana, wani mai suna Yahaya da ke tsibirin Batmusa ya rubuta wa jama'o'in Kirista bakwai na yammacin ƙasar da ake kira Turkiyya a yau. Ya tattara siffofin Ezekiyel da Ishaya ya gina birni guda da su. Birnin yana da ganuwa mai kamu 144 da ƙofofi 12, uku a kowace fuska, kowace ƙofa lu'ulu'u guda ce, titinsa kuma zinariya. Tsawonsa da faɗinsa da bisansa ɗaya ne, kowanne ya kai kimanin kilomita 2,200 a awon yau, wato ya ninka tafiyar Gaya zuwa Yamai fiye da sau bakwai. Lissafin na alama ne: goma sha biyu adadin kabilun Isra'ila ne da na manzannin Almasihu, siffar mai kusurwa daidai kuma ta Wuri Mafi Tsarki ce a tsohon Haikali. Babu Haikali a cikin birnin, babu bukatar rana ko wata, babu mutuwa ko kuka. Kogi ya ratsa tsakiyarsa, itacen rai yana gaɓarsa, ganyensa na warkar da al'ummai. Ƙofofinsa ba a rufe su da rana, dare kuwa babu shi.

Yahaya ya ajiye wani birnin a gefe domin kwatanci. A sura ta 18 ya siffanta Babila, wadda masana suka fahimta a matsayin Rum, ya lissafa hajojin 'yan kasuwarta tun daga zinariya da hauren giwa da alkama da dawaki, ya rufe jerin da mutane, wato bayi. Birni biyu ne ke fuskantar juna a littafin: wanda ake sayar da mutum a kasuwarsa, da wanda ake share masa hawaye.

Tun daga nan Kiristoci suka rabu a kan yadda za a fahimci siffar. Agustin na Hippo, malamin Afirka ta Arewa daga ƙasar Aljeriya ta yau, ya rubuta babban littafinsa kan Birnin Allah bayan an washe Rum a 410, inda ya nuna cewa babu daular duniya da za ta ce ita ce wannan birni. Wasu kuwa sun so su taɓa shi da hannu. A Habasha, wajen shekara ta 1200, an sassaƙa majami'u 11 cikin dutse a Lalibela, aka ɗauki wurin a matsayin sabuwar Urushalima, har aka sa wa rafinsa sunan kogin Urdun.

Daga bakin Dorugu zuwa takarda

Da Barth ya koma Turai a 1855, ya tafi da Dorugu da Abbega. A Ingila suka haɗu da James Frederick Schön, ɗan mishan Bajamushe wanda ya shiga tafiyar kogin Kwara ta 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya kuma fara koyon Hausa daga 'yantattun bayi a Saliyo. Schön bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Daga bakin Dorugu ya ɗebi labarai da tatsuniyoyi da tarihin rayuwarsa, waɗanda suka fito cikin Magana Hausa a 1885, kuma da taimakonsa ya gyara Hausar fassararsa. Linjilar Matiyu ta fito a 1857, Sabon Alkawari gaba ɗaya kuma a 1880. Ta haka yaron da aka taɓa yi wa kuɗi a kasuwa, wanda ya ga tuddan gishirin Foga cikin yaƙi, ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka ba littafin nan murya a Hausa. Dorugu ya komo gida daga baya, ya rasu a Kano a 1912.

Cikakkiyar fassarar Littafi Mai Tsarki ta fito a 1932, bayan aikin shekaru na likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa Turawa da Hausawa. A cikinta littafin ƙarshe ya ɗauki sunan Ru'ya ta Yohanna. Fassarar da ta biyo baya wajen 1980 ta kira shi Wahayin Yahaya, da kalmomin da kunnen Musulmi ya fi sabawa da su.

Kalmar da ta fi kowace nauyi a fassarar ita ce birni. A Hausa, yawan jama'a kaɗai ba ya mai da gari birni; sai da ganuwa da ƙofofi da fada da kasuwa. Tarihin Kano ya danganta fara ginin ganuwarta ga Sarki Gijimasu wajen farkon ƙarni na 12, kuma kangon Surame, birnin Kanta na Kabi na ƙarni na 16, yana nan da ragowar bangon dutsensa. Ganuwar birnin Hausa takan kewaye har da gonaki da kududdufai, domin idan an yi wa gari ƙawanya a samu abin ci da na sha. Saboda haka birni mai kogi da itatuwa a cikinsa ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Baƙon abu shi ne ƙofar. A da, kowace ƙofa tana da sarkinta, ana rufe ta da faɗuwar rana, wanda ya makara kuwa ya kwana a waje da kura. Birnin da ke da ganuwa amma ƙofofinsa ba sa rufuwa yana faɗa wa mai karatu cewa abin da ake jin tsoro ya ƙare.

Musulmi mai sauraro zai ji wasu abubuwa da ya sani. Asalin kalmar Aljanna a Larabci lambu ne, Alƙur'ani ya siffanta ta da ƙoramu da inuwa da 'ya'yan itace, hadisi ya ambaci ƙofofinta takwas, waƙoƙin wa'azi na malaman Sakkwato kuma sun cika kunnuwan jama'a da ni'imominta. Bambancin da ke fitowa fili shi ne, a wahayin Yahaya birnin ne ke saukowa inda mutane suke, kuma al'ummai suna shiga da darajarsu da dukiyar hikimarsu.

Zama a bayan ganuwa

Ga Hausawan farko da suka karɓi Kiristanci, maganar ƙofa ta wuce misali. Turawan mulkin Ingila sun ƙuntata aikin mishan a masarautun Musulmi domin kiyaye alkawarinsu da sarakuna. Miller ya samu zama cikin birnin Zariya tun 1905, amma a ƙarshen shekarun 1920 aka mai da mishan ɗin Wusasa, a bayan ganuwa, inda aka gina majami'ar Bartalamawus da tubalin ƙasa bisa tsarin ginin Hausa.

Kafin Wusasa akwai Gimi. A ƙarni na 19 an kashe wani Malam Ibrahim a Kano saboda koyarwarsa game da Annabi Isa, mabiyansa da ake kira Isawa suka watsu zuwa Ningi da ƙasar Zazzau. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka nemi Miller, aka kafa musu ƙauye a Gimi domin su zauna tare, su yi noma, su yi karatu da ibada. An sa rai ƙwarai a kan wannan sabon gari. Sai dai wurin yana da ƙudan tsando, kuma kafin shekaru goma su cika ciwon barci ya kashe da yawa daga mazaunansa, sauran suka tashi. Garin da aka gina da begen wurin da babu mutuwa, annoba ce ta tashe shi. Daga 'ya'yan waɗanda suka tsira, da sauran ɗaliban makarantar Miller, aka samu wasu daga 'yan bokon farko na Arewacin Nijeriya.

A ɓangaren Nijar, mishan ɗin SIM ya sauka Damagaram a 1924, sannan Tsibiri kusa da Maraɗi a ƙarshen shekarun 1920. Yawancin ma'aikatansa suna da aƙidar cewa dawowar Almasihu ta kusa, don haka wa'azi ya fi komai gaggawa. Masaniyar tarihi Barbara Cooper, a littafinta na 2006 kan Kiristocin Maraɗi, ta nuna yadda jinkirin mishan ɗin wajen ba da ilimin boko da Faransanci ya jawo saɓani da Kiristocin ƙasa, waɗanda ke son 'ya'yansu su samu gurbi a wannan duniya ma. Gardamar ta fahimtar siffar ce: shin birnin wurin gudu ne daga duniya mai lalacewa, ko kuwa ma'auni ne na yadda ya kamata a gyara ta? A aikace, fannin warkarwa ne ya fi buɗe ƙofofi. A shekarun 1930 aka bar SIM ta kula da zangon kutare a lardunan Kano da Katsina da Sakkwato. A 1950 aka buɗe asibitin Galmi, inda yawancin masu zuwa neman magani Musulmi ne.

Itacen da ya sake tohuwa

Misali mafi bayyana na sabunta ƙasa ya zo ne bayan farin shekarun 1970. Tony Rinaudo, masanin noma daga Ostireliya da ke aiki da SIM a Maraɗi, ya ga dashen itatuwa ba ya kamawa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara toho ne na kututturan da saiwoyinsu ke da rai a ƙarƙashin ƙasa. Idan aka zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi, aka rage sauran, aka kare su daga dabbobi da gatari, cikin 'yan shekaru sai su zama itace. Yunwar 1984 ta sa aka yaɗa dabarar ta hanyar ba da abinci a madadin aiki. Da tallafin ya ƙare manoma da yawa suka sare itatuwan, amma waɗanda suka bari suka ga amfani: itacen girki, abincin dabbobi, kariya daga iska, da ƙarin albarka a gindin gawo. Maƙwabta suka kwaikwaya, aka kira abin sassabin zamani. Da manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne, ba na jami'in gandun daji ba, sai ya kula da shi. Masu bincike sun ƙiyasta a shekarun 2000 cewa kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo a Nijar ta wannan hanya, da itatuwa kusan miliyan 200.

Manoma Musulmi ne suka yi kusan dukan aikin, kuma dabarar tana da tushe a tsohon sanin manoman Sahel. Abin da ya haɗa ta da batun wannan maƙala shi ne yadda sabon ya fito daga tsohon kututture, kamar yadda birnin wahayi ya riƙe tsohon sunan Urushalima. Alkawarin Ishaya na cewa mai dasawa shi zai ci, shi ne sharaɗin da ya sa aikin ya ɗore. Haka lamarin yake ga dajin giginya na Dallol Mawri da ke maƙwabtaka da Yelu, wanda ke ba da azara da kaba da muruci: yana tsayawa ne gwargwadon yadda mazauna wurin ke da haƙƙi a kansa.

Kammalawa

Ƙofofi dai ba su daina rufuwa ba. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa ta rikiɗe a Damagaram da Yamai, aka ƙone majami'u masu yawa, mutum 10 suka mutu. A cikin wannan tashin hankali kuma an samu Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a gidajensu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin ƙungiyar ECOWAS ya rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, manyan motocin da suka taso daga Kwatano suka yi layi mai tsawo, jama'a suka koma ƙetare kogi da kwalekwale. Ko da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, hukumomin Nijar sun bar ɓangarensu na gadar a rufe. Mutanen Dendi sun sake ɗanɗana abin da kakanninsu suka sani a 1853, cewa idan hanya ta toshe, talaka ne ke fara ji a tukunyarsa.

Malamin makaranta ko ɗan ƙungiyar al'adu ba ya bukatar ya zama Kirista kafin ya amfana da sanin wannan siffa. Tana cikin tarihin rubutacciyar Hausa tun 1880, kuma da ita wasu Hausawa ke binne mamatansu, da ita suke rera waƙoƙin ibadarsu. Wanda ya san ta ya san abin da maƙwabcinsa ke fata, wanda kuma ya san fatan maƙwabcinsa zai yi wuya ya ɗauke shi baƙo. Tarihinta ya nuna cewa waɗanda suka yi ƙoƙarin gina birnin da hannunsu, kamar mutanen Gimi, sun gamu da iyakar ɗan Adam, waɗanda kuma suka ɗauke shi ma'auni sun bar asibiti da makaranta da itace. Hausawa sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Abin da Ezekiyel da Ishaya da Yahaya suka zana, kowanne a zamaninsa na rushewa, shi ne zaman lafiyar da ya kai har a bar ƙofa a buɗe, kogi ya wadaci kowa, masu dafa gishiri kuma a bar musu fadamarsu.